Dalilin da Ya Sa Ba Za Ki Sauka Gidan Gwaggonki Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Kafin komai, ina miƙa gaisuwar ban girma ga waɗanda Allah ya ɗora a kaina: Mai Girma Dagacin garinmu, da Mai Unguwarmu, da Limamin masallacin Juma'a, da kuma Malam Hamisu na ajin yaƙi da jahilci, wanda a hannunsa na koyi riƙon alƙalami bayan furfura ta fito mini. Allah ya ƙara musu girma da lafiya. Malam Hamisu ya koya mana cewa takarda mai muhimmanci ta hannun manya take bi. Cikin ladabi nake neman afuwarsu, wannan ba za ta bi ta hannun kowa ba. Ni na rubuta, ni zan liƙe, mai ita kaɗai za ta buɗe.

Zuwa ga 'yata mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Uwata, sabuwar ma'aikaciyar lafiya a asibitin sha-ka-tafi na wajen Toranke. Daga mahaifinki Malam Idi, tsohon shugaban kwamitin lafiya na unguwarmu a Balan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin isa lafiya, kin sami ɗakinki a share, kin kuma sami abokan aiki masu mutunci. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya kare ki daga sharrin mutum da aljan. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Ba zan cika takarda da labarin gida ba, domin ba shi ya zaunar da ni ba.

Kin bar gidan nan ranki a ɓace. Kin so ki sauka gidan yayata, Gwaggonki Asabe, da ke can kusa da asibitin, inda za ki ci tuwo mai zafi a cikin dangi. Ni kuma na ce a'a, a ɗakin bayan asibiti za ki zauna tare da Malama Ladi ungozoma. Kin tambaye ni dalili, na ce haka na yanke. Na ga hawayenki sa'ad da ake ɗaure miki katifa a kan adaidaita sahu. Ki sani ba rashin dalili ne ya sa na yi shiru ba. Akwai maganar da uba ba ya iya duban idon 'yarsa ya yi ta. Tunda Allah ya hore mini rubutu, takarda za ta ɗauke mana kunyar.

Ki tuna ranar walimar kammala karatunki. Na shigo tsakar gida in yi wa mata godiya, na tarar Gwaggonki ta riƙe hannunki tana cewa, "Alhamdu lillahi, Inna, yanzu mun yi ido a asibiti. Ke za ki duba mini ko Hansai tana zuwa karɓar allurar nan a ɓoye. Yaro ya yi tafiya, ya yi baki, har aikensa ake yi, ita kuwa ko amai ba ta yi."

Mata suka kwashe da dariya. Ke ma kika dara kika ce, "Gwaggo, ki bar mini wannan."

Na san wasa kike yi. Amma Hansai, matar ɗanta Sani, tana tsugunne a bakin rijiya tana wanke kwanuka, ita ba ta yi dariya ba. Kin san haihuwarta ta fari da aiki aka ciro yaron, kin san kuma irin kwanciyar da ta yi bayan nan. Ko tana karɓar allurar tazarar haihuwa, ko ba ta karɓa, ban sani ba. Abin da na sani shi ne, ranar da kika zama 'yar ɗakin Asabe, kina ci daga tukunyarta, Hansai ba za ta ƙara taka ƙofar asibitin nan ba ko da ciwon kai ne. Kuma ba ita kaɗai ba. A gidan Gwaggonki matan unguwa ke taruwa sayen man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, abin da aka faɗa a can da hantsi kuwa, kafin azahar ya isa bakin kasuwa.

Na san abin da ke faruwa idan mace ta ji tsoron ƙofar asibiti, domin ni na taɓa sa matan garin nan suka ji tsoron tamu. Ba ɓoyayyen abu ba ne, kowa ya sani. Ke ce kina makarantar kwana a lokacin.

A shekarar da aka gyara asibitin unguwarmu, aka ce a kafa kwamitin lafiya. Jama'a suka duba ba su ga wanda ya fi ni cancanta ba, suka ɗora mini shugabanci. Ba yabon kai ba, na riƙe muƙamin da gaske. Ni na sa aka nome ciyawar harabar, ni na matsa aka gyara famfo, ni na yi jawabi a gaban manyan da suka zo daga Gaya har suka tafa mini. Tun daga nan ake ce mini Ciyaman.

Da aka kawo kayan tazarar haihuwa, wato ƙwaya da allura da 'yar ashanar nan da ake sawa a damtse, sai da na je wurin Liman na tambaya. Ya ce idan miji da mata sun yarda, kuma don lafiyar uwa da ta abin goyonta ne, bai ga laifi ba. Da na samu nutsuwa sai na ɗauki abin da zafi. Na leƙa na ga mata a cakuɗe a layi ɗaya, mai awon ciki da mai rigakafin yaro da mai zazzaɓi, na ce wannan ba tsari ba ne. A zaman kwamiti na kawo shawara a ware ranar Laraba domin tazarar haihuwa kaɗai, a ba ta ɗakin kusurwa, a shafa wa ƙofarsa koren fenti don wadda ba ta karatu ta gane.

Malama Binta, shugabar asibitin a lokacin, ta ce, "Ciyaman, ka bar su a cakuɗe. Haka suka fi so."

Na ce, "Malama, ke magani kika sani. Ni jama'a na sani."

Ta ce, "To, Allah ya sa."

Kwamiti ya bi bayana. Na ari lasifikar mai shela na zaga unguwa da kaina ina sanarwa.

Abin da ban lura ba shi ne, a da mace takan goyi ɗanta ta ce za ta kai shi rigakafi, idan layi ya zo kanta sai ta sunkuya ta raɗa wa Malama buƙatarta, ta fito babu wanda ya sani. Cakuɗar nan ita ce mayafinsu, ni kuwa na yaye. Daga ranar da na yi shela, duk macen da ta sa hijabi ta nufi gabas wajen asibiti ranar Laraba, mai shayi ya san inda za ta, mai facin babur ma ya sani. Mata suka fara raguwa. Na ce jahilci ne, ni da a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba.

Saboda haka, Uwata, idan kika tarar da mata a cakuɗe, ki bar su. Idan wani babba ya zo da shawarar ware rana ko ɗaki ko kati mai launi daban, ki durƙusa ki ba shi haƙuri, kuma kada ki gaji da ba shi haƙurin kamar yadda Malama Binta ta gaji da ni. Ki sa labule mai kauri. Ki rage murya. Duk tsarin da zai sa na waje ya gane abin da ya kawo ta ciki, kada ki yarda da shi komai kyansa.

Da na ga sun ragu, sai na ce rashin ƙarfafa gwiwa ne. Na sa aka ajiye mini benci a gindin darbejiyar ƙofar asibiti. Kowace Laraba nakan sa babbar riga in zauna, duk wadda ta zo in yi mata maraba, in ce, "Matar wane, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka." A zuciyata girmamawa nake yi. Ina ganin wasu suna jan hijabi har hanci, wasu kuma idan suka hango ni sai su wuce kamar gidan suna za su, na ɗauka kunyar babba ce kawai.

A nan akwai abin da ba na jin an koya muku a makaranta. Mu mutane ne masu gaisuwa, wanda bai tambayi jikin mara lafiya ba mukan ce ba shi da tarbiyya. Ke dole ki koyi hana kanki. Idan kika haɗu a gidan biki da matar da kika sa wa ashana jiya, kada ki ce mata, "Ya hannun?" Kada ma ki ce, "Ya jiki?" Surukarta tana gefe, za ta ce, "Da ma ba ki da lafiya?" Ki gaishe ta da kwana, da gajiya, da yara, ki wuce. Gara ta ce kina da girman kai da a ce kin tona ta da gaisuwa.

Yanzu zan ba ki labarin wasu mutum biyu. Zan kira mijin Tanimu, matar kuma Lantana, amma ba sunayensu ba ne. Na aika mahaifiyarki ta nemi izininta, ta ce in faɗa miki, ban da suna.

Tanimu manomi ne mai ƙaramin ƙarfi, mai kirki, ba ya shiga sabgar kowa. Lantana ta yi haihuwa kusa-kusa, a ta ƙarshe ta zubar da jini sosai har ta daɗe ba ta iya tashi ɗibar ruwa. Su biyun suka shawarta ta huta. Wata Laraba na ga ya kawo ta da kansa a kan babur, ya tsaya nesa yana jira. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ga abin misali.

Da yamma bayan la'asar, majalisarmu ta ƙofar masallaci ta cika. Na gyara murya na ce, "Jama'a, yau na ga namiji. Ku yi koyi da Tanimu. Da kansa ya kai iyalinsa aka yi mata allurar tazara."

Sai wani ya ce, "A'a, Tanimu! Rumbu ne ya ƙare ko ƙarfi?"

Wani ya ce, "Ku bar shi, ya zama Bature. Gobe shi zai goyi yaro ya kai awo."

Wani dattijo ya ce, "Kai ɗan nan, kai kake ciyar da su ko Allah?"

Aka yi ta dariya. Na yi ta ɗaga hannu ina cewa ku saurara, babu mai ji na. Tanimu ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ɗauki takalmansa, bai ko tsaya sawa ba ya tafi. Kafin magariba labari ya isa kunnen mahaifiyarsa. Tsohuwa ta zo gidan ta zauna a tsakar gida tana kuka, ta ce an haɗa kai za a yanke mata zuriya, ta ce idan Lantana ta ƙara zuwa asibitin nan ba ta yafe nononta ba. Tanimu ba ya musu da uwarsa. Lokacin allura ta gaba ya zo ya wuce, Lantana ba ta dawo ba.

Bayan wasu watanni ta samu ciki a kan goyo, abin da mata ke kira kwanika. Yaron da take shayarwa ya rame, ita kanta ba ta gama mayar da jininta ba. Ta gaya wa mahaifiyarki daga baya cewa ta tabbata a ranta idan ta kai wannan cikin ba za ta tashi ba, kuma duk tunaninta wa zai riƙe ƙananan. Ta so ta je ta yi shawara da Malama Binta, amma ta ina za ta shiga? Sai ta bi ta bayan gari ta je wurin wani mai sayar da magani a wata kasuwa, ya ba ta abin da ya ba ta.

Damina ce, da safe, ina zaune a bencina. Adaidaita sahu ta taho daga cikin unguwa da gudu. Na hango Tanimu a baya ya rungume mace lulluɓe da zane. Na miƙe na ɗaga hannu, na zaci nan za su tsaya. Direba ya rage gudu, sai na ji muryar mace a shaƙe tana cewa, "Wuce! Don Allah wuce!" Suka wuce. Malama Binta tana ciki, da ruwan da ake ƙarawa, da allurar tsai da jini, amma suka zaɓi doguwar hanyar Gaya cikin taɓo, saboda ina zaune a ƙofa.

Allah ya yi da sauran kwananta. A babban asibiti aka ƙara mata jini, aka yi mata aiki, amma aikin ya tafi da mahaifa. Na je dubiya da lemo a leda. Tanimu ya tare ni a baranda ya ce, "Ciyaman, me ka zo gani? Akwai sauran abin da ba ka faɗa a majalisa ba?" Na juya da ledata na fito.

Darasin nan a fili yake. Kada ki yi misali da mutum ko da yabonsa kike yi. Idan aka kira ki wa'azin lafiya a gidan suna ko a Islamiyya, kada ki ce, "Kamar wance da ta zo wurinmu." Kuma rufe suna kaɗai bai isa ba. Halina kika ɗauko, Uwata, kina da daɗin labari, mahaifiyarki ta sha faɗa. Kin tuna da kika dawo daga aikin koyo kina kwaikwayon matar da ta ga allura ta suma? Duk mun yi dariya, har da ni. Ba ki faɗi sunanta ba, amma kin ce mijinta mahauci ne. Mahauta nawa ne a garin?

Ba zan ɓoye miki ba, a kwanakin farko ban ga laifina ba, nata na gani. Na tafi wurin Liman da shirin a yi huɗuba a kan mata masu zubar da ciki. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malam Idi, abin da ta yi babba ne, ba na ce ƙarami ba ne, kuma ƙofar tuba ba kai ke riƙe da mabuɗinta ba. Amma ita ta zo ƙofar halal da mijinta, wa ya kore ta?" Na ce ni ban kori kowa ba. Ya ce, "To, je ka yi tunani." A zaman kwamiti na gaba na ajiye shugabanci, na sa aka ɗauke bencin, aka mayar da ƙofa fara kamar sauran. Sai da aka daɗe kafin mata su yarda su dawo.

Za su zo miki, Uwata, masu irin halin Lantana. Wata za ta zo jini yana bin ƙafarta ta ce ɓari ne, ke kuma ki gane ba ɓari ba ne. A wannan sa'a ke ba alƙali ba ce, ba liman ba ce. Ki tambaye ta abin da ta sha da lokacin da ta sha, don magani, da murya irin wadda za ki yi wa ƙanwarki. Kada ki ce mata, "Ba ki ji tsoron Allah ba?" Ta ji, shi ya sa take rawar jiki. Ki yi abin da aka koya miki da sauri. Abin da ya fi ƙarfinki, kada ki riƙe shi don a ce kin iya, ki nemo mota ki tura babban asibiti tun da sauran numfashi. Idan dangi suka taru a ƙofa suna tambaya, ki ce ta zubar da jini, ana ƙoƙari, a yi addu'a. Gaskiya kika faɗa, kuma ta wadatar.

Wata kuma za ta zo tun kafin ta yi komai, ta rufe ƙofa ta ce ki taimake ta ki zubar. Ban yarda ki sa hannunki ba. Addininmu bai ba ki ba, doka ma ba ta ba ki ba, abin da ya shafi ceton ran uwa kuwa likitoci ne ke yanke shi, ba ke ba. Amma kada ki daka mata tsawa, domin idan ta fita da kuka, wurin mai maganin kasuwa za ta nufa. Ki ba ta kujera. Ki ji me take tsoro: yunwa ce, ko jikinta ne, ko miji, ko surukai. Ki gaya mata gaskiyar abin da shaye-shayen nan ke yi wa mace. Idan jikinta ne abin tsoro, ki haɗa ta da likita. Ki ce ta dawo, ki kuma nuna mata a fuskarki cewa idan ta dawo za ta same ki yadda ta bar ki. Wadda ta warke kuwa, kada ta fita ba ki yi mata bayanin tazara ba.

Batun maza. Ni ra'ayina, ya fi kyau miji ya sani, gida ya fi zama lafiya a haka. Ki ƙarfafa mata gwiwa ta gaya masa, idan ta so ki kira shi ki yi masa bayani a ɗaki, shi kaɗai. Yawancinmu ba mugunta ke hana mu ba, tsoron majalisa ne. Amma da yardarta za ki kira shi. Kada ki aika masa ta bayanta.

Yanzu ki ji abin da ya faru bayan tafiyarki, domin za ki ji shi a bakin mutane, gara ki fara ji daga wurina.

Na ga bai dace in hana ki gidan Yaya ba tare da na je na gaya mata a gabanta ba. Baffanki Bala ya ɗauke ni a babur muka je da hantsi. Na kai mata goro da sukari. Muka zauna a zaure, mijinta Malam Ɗahiru yana nan, Sani ma yana nan. Na yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan na ce, "Yaya, yarinyar nan amanar matan gari aka ba ta. Ina tsoron idan ta zauna a nan za a tambaye ta abin da bai halatta ta faɗa ba, ita kuma ba za ta iya musa miki ba."

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Idi, kai ne yau za ka koya wa wani riƙe baki? Kai da ka zaga gari da lasifika kamar mai tallan maganin basir?"

Na ce, "Ni ne, Yaya. Shi ya sa."

Ta ce, "Ni na goye ka. A bayana ka yi fitsari. Yau ka ɗauki yarinya mai sunan uwarmu ka kai ta ɗakin bare, don a ce gidan Asabe ba a ajiye magana?"

Na ce, "Idan kin yi mini alkawari ba za ki tambaye ta komai na asibiti ba, yau ɗin nan zan sa a kwaso kayanta."

Malam Ɗahiru ya ce, "Asabe, wannan ai mai sauƙi ne."

Ta ce, "Malam, ba da kai nake ba. Zan tambaya! Jikoki nake nema, laifi ne? Na haifa na binne, na haifa na binne, wannan kaɗai Allah ya bar mini," ta nuna Sani.

Uwata, a nan zuciyata ta yi rauni, domin gaskiya ta faɗa, ni na riƙa ɗaukar mata su zuwa maƙabarta. Gwaggonki ba muguwa ba ce. Mahaifiyar Tanimu ma ba muguwa ba ce. Na ce, "Ba laifi ba ne, Yaya. Allah ya ba ki masu yawa, ya kuma bar miki uwarsu ta raine su."

Ta share ido da gefen zane, ta turo mini ledar goron da ƙafa, ta ce, "Ɗauki kayanka. Muddin Inna tana ɗakin nan na asibiti, kada ka ƙara tako mini zaure." Ta shige gida. Tun da mahaifiyarmu ta rasu ita ce uwa a gare ni, ban taɓa yin sallah ban je na durƙusa a gabanta ba. Bana ban san yadda za a yi ba.

Sani ya rako mu. Bala yana ta buga babur ya ƙi tashi, sai Sani ya matso kamar zai gyara mini gefen riga, ya ce a hankali, "Kawu, Allah ya saka da alheri." Wallahi bakina ya buɗe zai ce, "Na me?" Na kama shi na rufe. Na ce, "Amin, ɗana," na hau muka tafi. Har yau ban san abin da yake nufi ba, kuma ba na nema.

Don haka ga umarnina. Fushin Gwaggonki nawa ne, kada ki ɗauka. Duk Juma'a ki je ki gaishe ta, ki durƙusa har ƙasa, ki taya ta murza ƙuli-ƙuli, ki ci abin da ta ba ki. Idan ta tambaye ki Hansai ko wata, ki sunkuyar da kai ki ce, "Gwaggo, Baba ya ɗaure ni, ya ce bai yafe ba idan na faɗa." Ki bar ta ta zage ni, ina da bayan ɗauka. Ki gaishe da Hansai a gabanta kamar yadda kike gaishe da kowa, kada ki ƙara, kada ki rage. Idan Hansai ta ga kin yi wata da watanni kina shiga gidan kina fita babu abin da ya zuba daga bakinki, ranar da take da buƙata za ta san hanya.

Abu na ƙarshe. Na san kaina. Za ki zo hutu, mu zauna a inuwa, in ce, "Uwata, ya aiki? Su wa ke zuwa?" Zan tambaya da dariya, zan ce ai ni ubanki ne, ni tsohon Ciyaman ne. Ɗaurin da na yi miki a kan Gwaggonki, da shi na ɗaure ki a kaina. Ki ce mini, "Baba, lafiya lau," ki tashi ki kawo mini ruwa.

Allah ya sa albarka a hannunki, ya sa duk wadda ta shigo miki da kuka ta fita da sauƙi. Allah ya tsare miki harshe da mutunci, ya kare ki a hanya, ya dawo mana da ke lafiya. Ya sanyaya zuciyar Yaya, ya ba Lantana lada a kan abin da ta rasa, ya yafe mana baki ɗaya. Amin.

Domin kada wani ya sauya miki maganar, ga waɗanda suka shaida abin da ya gudana tsakanina da Gwaggonki a zaurenta: Malam Ɗahiru mijinta, da Bala ƙanena, da Sani ɗanta. Allah kuma shi ne mafificin shaida.

Ni ne mahaifinki, Malam Idi na Balan, da hannuna.